Sunan da Ke Fara Fitowa

Kwanakin baya, a ofishinmu na Birnin Kudu, na ji ɗaya daga cikin matasan da muke horarwa yana gaya wa ɗan'uwansa cewa aikinmu ba wani abu ba ne: ka jawo akwati a fuskar kwamfuta, ka haɗa shi da wani akwatin da kibiya, ka danna, an gama. Gaskiyarsa, abin da ido ke gani ke nan. Amma maganar ta zauna mini a rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na cika shekara hamsin, rabinsu a gaban kwamfuta na yi su, kuma har yau akwai akwati guda da ba na jawo shi sai na dakata na yi tunani. Shi ne akwatin da ke tambayar wata kwamfuta mai nisa labarin mutum ɗaya, ta amsa masa da mutane da yawa.

Saboda wanda bai san sana'ar ba, bari in fayyace ta. Kowace ƙungiya tana da aikin da ake bi mataki-mataki. Manomi ya nemi iri, a duba ko yana cikin rajista, a ba shi lambar karɓa, a sanar da mai sito. A da masinja ne ke ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Mu aikinmu shi ne koya wa manhaja wannan zirga-zirga. A tsakiyar matakan akwai wanda muke ce wa kira: manhajarmu ta aika tambaya ta intanet zuwa babbar kwamfutar da ke riƙe da rajista a wani gari, wadda muke kira saba, ta ce mata, wane ne mai wannan lambar waya? Bayanin mutum ɗaya, da sunansa da ƙauyensa da gonarsa, shi ne rikod. Amsar sabar tana iya zuwa wayam, tana iya zuwa da rikod ɗaya, tana iya zuwa da tari. Wanda ya yi mako guda a aikin ya iya na farko da na biyu. Sana'ar tana cikin na uku.

A hannun Malam Habu na koya. Malamin lissafi ne tun asali, ya yi shekaru a ɗakin kwamfuta na wani banki a Kano, sa'an nan da aka ƙirƙiro jiharmu ya tattara ya dawo gida, yana cewa jihar da ba ta da komai ita ce ke da gurbin kowa. Sa'ad da na gama jami'a na dawo, na same shi a wani shago kusa da tasha da kwamfuta biyu, waɗanda yake lulluɓewa da tsohon zanen maiɗakinsa idan an tashi, da firinta mai ƙara kamar keken ɗinki, da janareta da sai an lallashe shi yake tashi. Mun yi shekaru muna buga takardu da adana sunayen 'yan ƙungiyoyin manoma kafin intanet ta iso mana. Da ta iso ma, sai mun ɗaura modem, wato na'urar kama intanet, a kan gora mun zura ta taga kafin ya kama sabis. Idan iska ta juya gorar, aiki ya tsaya. Yana kirana Sarkin Gaggawa, ni kuwa ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam.

Aikin da ya fara buɗe mini ido shi ne rajistar manoma da muka yi wa wata haɗaɗɗiyar ƙungiya a Sundimina, lokacin da waya ta fara shiga ƙauyuka. Na ɗauka a ofis zan zauna a riƙa kawo mini fom. Malam ya ce in ɗauko kwamfutar hannu mu tafi. Aka shimfiɗa mana tabarma a zauren wani gida. Maigida ya fara shigowa, ya faɗi sunansa da gonar gandu, wato babbar gonar da dukan gidan ke nomawa tare. Bayansa ƙaninsa, sa'an nan 'ya'ya bisa tsarin haihuwa, kowa da gayaunarsa, 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa. Babu wanda ya tsara su, babu kuma wanda ya tsallake na gaba da shi. Da maza suka ƙare aka leƙa cikin gida aka kira mata. Kowa aka tambaye shi lambar waya sai ya dubi maigida, domin waya ɗaya ce a gidan, tana aljihunsa.

A hanyar dawowa Malam ya ce mini, "Ka lura da yadda suka shigo?"

Na ce na lura.

Ya ce, "To haka za su riƙa fitowa har abada. Saba ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Wanda ya fara shiga shi take fara kawowa. Amma da yake mutanenmu ba sa shiga gaban na gaba, duk gidan da ka tambaya, maigida za ka fara gani."

A lokacin na ɗauki maganar a matsayin hirar hanya.

Daga wannan rajista ya koya mini abin da yake kira zagaye. Idan amsa ta zo da rikod da yawa, ba ka ɗaukar na sama ka wuce. Sai ka gina matakin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowa abin da ya kamata, har sai sun ƙare. Yakan ce, "Ka taɓa ganin an fito da goron suna, an miƙa wa na bakin ƙofa kaɗai, an koma ciki?" Sa'an nan duk wanda zagayen ya sallama, dole a sa masa alama nan take cewa an ba shi. Dalili kuwa shi ne sabis ɗinmu. Ranar da na gina zagayena na farko, na kira Malam ina alfahari, na danna, saƙonnin rabon taki suka fara fita. Yana tsaye a bayana, ya miƙa hannu ya zare wayar modem.

Na ce, "Malam, me ya faru?"

Ya ce, "Iska ce ta juya gora. Mayar, mu ga."

Na mayar. Zagayen ya koma farko, ya sake aika wa waɗanda ya riga ya aika wa. Malam ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Maigida ya sami taki sau biyu, auta bai sami ko ɗaya ba. Sarkin Gaggawa, kai ma ka iya rabo irin na 'yan siyasa." Tun daga ranar, duk abin da na gina sai ya zare modem a tsakiyarsa kafin ya yarda da shi. Ni ma haka nake yi muku, ku matasan da muke horarwa, kuma na san ba ku so.

Abu na uku da ya koya mini shi ne karanta amsar saba da ido, ɗanyarta, kafin a sa ta cikin kowane akwati. Rubutu ne marar kyan gani, cike da baka da waƙafi. Manhajojin yanzu suna ɓoye shi, suna nuna muku tebur mai tsabta. Malam kuwa yakan buɗe shi ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi, kamar mai bitar karatu.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai shugabannin ƙungiyoyin manoma da ke zuwa da rajistarsu cikin buhun shinkafa. Akwai wani Alhaji mai manyan motoci da ke jigilar hatsi zuwa Kano, wanda ya so manhaja ta riƙa sanar da direba ranar sabunta takardu, ya manta cewa kowace motarsa direbobi uku suka taɓa riƙe ta, kuma dukansu suna cikin rajista. Da saƙo ya je wa wanda ya kora tun shekarun baya, mutumin ya zo gareji da safe da jakarsa, yana godiya an dawo da shi. Ba mu muka gina wannan ba, gyara aka kawo mana, amma Malam ya daɗe yana ba da labarin.

Sai shekarar ambaliya. Ruwa ya sauka a ƙarshen damina irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, kogi ya fita daga hanyarsa, ya kwanta a kan gonakin Gwaram. Gero yana gab da nuna ya ruɓe a tsaye. Da ruwan ya fara janyewa, abu ɗaya ya rage wa mutane: a shuka wake mai saurin nuna a kan danshin da ambaliyar ta bari, kafin ƙasa ta bushe. Wata ƙungiyar agaji ta kawo irin, ta zuba a sito a Gwaram. Ta zo kuma da manhajarta a shirye daga babban ofishinta. Mu an ɗauke mu ne kawai mu gudanar da ita, ba mu da ikon sauya ko da kibiya ɗaya sai da izinin jami'ar shirin, Hajiya Binta, wadda ba mu taɓa gani ba sai muryarta a waya.

Tsarin mai sauƙi ne. A tambayi saba da lambar waya, a aika saƙo mai ɗauke da suna da lambar karɓa, mutum ya je sito da katin shaidarsa, mai sito ya gwada sunan da ke saƙo da na kati, ya auna masa iri. Tun ranar farko Malam ya buɗe akwatin kiran ya ga an rubuta a ɗauki rikod na farko, a bar saura. Ya rubuta wa babban ofishin ƙungiyar. Suka amsa cewa da gangan ne, domin a wasu wurare an cika musu rajista da sunayen bogi a kan layi ɗaya. Dole in faɗi gaskiya, amsar ba ta wauta ba ce. Ni kaina na san inda aka yi hakan. Har yau idan na auna, ban iya cewa wanda ya rubuta matakin ya yi kuskure a garinsu ba. A garinmu ne ya zama kuskure.

Wata safiya muna buɗe shago wani mutum ya sauka daga kan babur, taɓo har gwiwa. Zai kai shekara arba'in da 'yan kai. Ya yi sallama, ya ce sunansa Ado, daga Farin Dutse, mai sito ne ya kwatanta masa wurinmu. Bayan gaisuwa da jajen ruwa, ya ciro wata tsohuwar waya daga cikin leda ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Saƙo ɗaya ne, da sunan Malam Dauda.

Malam ya ce, "Wane ne Malam Dauda?"

Ya ce, "Mahaifinmu ne. Bara Allah ya yi masa rasuwa."

Muka yi masa ta'aziyya. Ya ce ya je sito, mai sito ya ce ba zai ba da iri ba sai mai sunan ya zo da katinsa. "Na ce masa mai sunan yana inda ba a dawowa. Ya ce shi ma ya sani, har jana'izar ya je, amma kwamfuta ba ta sani ba. Kuma Malam, ko da ya ba ni, rabon mutum ɗaya ne. Mu kuwa gida ne. Duk an rubuta mu, a zaurenmu aka zauna."

Malam ya tambaye shi yaya ƙasar take.

Ya ce, "Tana shanyewa. Jiya na tura yatsa, sai da ya nutse kafin in ji sanyi. Ranar kasuwa kuma an ce za a kwashe abin da ya rage a sito a kai Fagam. Idan danshin nan ya tafi, ko buhu aka ba ni sai dai mu dafa mu ci."

Malam ya sa na yi kiran da hannu, na sa lambar wayar Ado, amsa ta zo. Ya bi ta da yatsa. Malam Dauda a sama, da gonar gandu. Ƙaninsa. Ado. Sauran 'ya'ya, har zuwa kan auta. Ya kai ƙasa, ya koma sama, ya ce, "Goma cif. Ban yarda da amsar da ta zo cif ba. Gida ba ya zuwa cif." Ya juya wajen baƙon. "Malam Ado, gidanku babu mata ne?"

Ado ya yi 'yar dariya, karo na farko tun shigowarsa. Ya ce, "Haba Malam, to wa ya haife mu?"

A can ƙasan amsar, bayan baka ta ƙarshe, akwai wata 'yar alama da ke cewa akwai saura. Ku da kuke koyo, ku riƙe wannan. Saba ba ta kawo duka a tashi ɗaya. Shafi-shafi take bayarwa, wannan goma-goma take yi, kuma ba za ta ba ka shafi na biyu ba sai ka sake tambaya. Na sake kira na nemi shafi na biyu. Sai ga matan gidan, kowace da 'yar gonarta ta riɗi ko gyaɗa. Sunan ƙarshe shi ne Inna Kande.

Ado ya ce, "Mahaifiyarmu ce. Ita ya kamata ta fara shiga cikin mata, amma ranar ta ce a sallami masu tukunya a kan wuta tukuna."

Malam ya kira Hajiya Binta, ya buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji. Ya yi mata bayani a tsanake. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Malam Habu, waya ɗaya, mutum fiye da goma? A ofishinmu wannan sunansa algus."

Ya ce, "Hajiya, a nan sunansa gida."

Ta ce, "Idan na buɗe wannan ƙofar, gobe wani zai shigo mini da ƙauye guda a kan layi ɗaya. Ni za a tambaya, ba kai ba."

Ya ce, "Gaskiyarki. Amma ki duba, kowane rikod da lambar rajistarsa, da gonarsa da aka auna. Ba mu ce a ba waya iri ba. A aika wa kowane suna lambarsa dabam, mai sito kuma ya ci gaba da neman kati. Wanda ba shi da jiki ba zai zo da kati ba."

Muka ji ƙarar takardu. Ta ce, "A Gwaram kaɗai. Kuma sai na ga abin da kuka gina kafin ku sake shi. Shi kuwa marigayin, ku goge sunansa ku sa na babban ɗa, a wuce wurin."

Ado ya matso kusa da wayar, ya durƙusa kamar tana ganinsa. Ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Ba a raba gado ba. Tare muke noma gandun nan yadda Baba ya bari. Ina da ƙani direba a Kano, Sabo, tun rasuwar yake cewa a raba, muna lallashinsa. Idan sunana ya hau gonar gandu a kwamfuta, kafin in isa gida maganar ta riga ni. Za a ce na je Birnin Kudu na cinye gonar Baba. Gara mu rasa irin gandun da a ce haka."

Ta ce, "To Malam, ni yaya zan yi? Mamaci ba ya sa hannu."

Nan muka tsaya. Gandun shi ne mafi girma, shi ne rumbun da gidan ke ci daga ciki. Idan aka tsallake rikod na farko, an ba kowa na gayaunarsa an bar gidan da yunwa. Idan aka sauya sunan, an sami iri an raba gida. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sa'an nan ya ce ba za a goge ba, ba kuma za a sauya ba. A sa wa rikod ɗin alamar rasuwa, a ƙara masa gurbi guda na wakili. Idan zagaye ya iso kan mai irin wannan alama, kada ya aika, kada kuma ya tsallake. Ya tsaya, ya tambayi ɗan Adam: wa ke karɓa a madadinsa? Gona ta zauna da sunan mai ita, wakili kuwa na wannan rabo ne kaɗai.

Hajiya ta ce, "Wakilin ai shi ne babban ɗan. Mun dawo inda muka taso."

Ado ya ce, "A'a, a sa Inna. Duk cikinmu babu wanda zai buɗe baki ya ce Inna ta ci gona."

Ta amince, da sharaɗin mai unguwa ya tabbatar mata ta waya. Ado ya fita waje ya kira Sabo. Ban ji abin da suka ce ba, amma maganar ba ta yi tsawo ba, ya dawo ya ce Sabo ya yarda, har yana tambaya ko Inna za ta iya hawa babur.

Ni na gina zagayen, Malam na zaune a gefena. Zagaye biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na waje yana neman shafi bayan shafi har sai saba ta daina cewa akwai saura, na ciki yana bin mutanen kowane shafi, yana sa alama ga wanda ya sallama. Da na gama, duk da gaggawar da ake ciki, sai da ya miƙa hannu ya zare modem a tsakiyar gwaji. Na mayar, zagayen ya ci gaba daga inda ya tsaya. Muka aika wa Hajiya hoton matakan, muka yi sallar azahar, muka dawo muka tarar da izininta.

Na danna. Zagayen ya tsaya a kan Malam Dauda ya nemi wakili. Na rubuta sunan da ya zo ƙarshe a shafi na biyu. Wayar Ado ta fara ƙara a kan tebur, tana yi tana ƙarawa, har ta tsaya cak. Ma'ajiyar saƙonninta ta cika. Na ɗauka zan share tsofaffi don sababbi su shigo, na fara da na tallar kamfanin waya, har na iso kan saƙon farko, wanda ya zo da sunan Malam Dauda shi kaɗai. Ado ya ɗora yatsa a kan hannuna. Ya ce, "Wannan a bar shi."

Na ce lambar da ke ciki ta daina aiki.

Ya ce, "Na sani. A bar shi."

Na share wani. Sauran saƙonnin suka shigo.

A yinin muka sake gudanar da zagayen a kan dukan layukan Gwaram. Gidaje irin na Ado suna da yawa, galibinsu ba su zo ba, sun karɓi rabon maigida sun yi godiya, suna zaton iyakar abin ke nan. Ba zan ce mun cece su duka ba. Waɗanda gonakinsu ke kan jigawa, ƙasa ta riga ta bushe musu kafin saƙo ya iso, kuma shekarar ta yi wa mutane tsanani ƙwarai. Gidan Malam Dauda dai sun samu. An ba ni labari Inna Kande ta je sito a bayan babur ɗin autanta, ta dangwala yatsa sau biyu, ɗaya nata, ɗaya na gandu. Waken bai yi yawa ba, amma ya kai su har aka fara noman rani. Da na bi ta Farin Dutse bayan shekaru, gandun yana nan ba a raba ba.

Bayan wannan aikin Malam ya ce ba za mu sake gwada wata manhaja da rikod ɗaya ba. Ya ƙirƙiri abin da ya kira gidan gwaji: gidan da babu shi a duniya, a kan layin shagonmu, da mutanen da suka zarce shafi guda, maza da mata. Muka shiga bisa tsari. Ya sa sunansa a farko, da gonar gandun da bai taɓa mallaka ba, ya sa nawa na biyu, sauran kuma sunayen ƙirƙira. Duk abin da muka gina tun daga lokacin, sai ya bi ta wannan gida kafin ya fita wajen mutane.

Yanzu abubuwa sun sauya. Kusan kowa da wayarsa, sola ta maye gurbin janareta, gorar ma ban san inda take ba. Manhajar da kuke amfani da ita tana da maɓallin da ke yin zagaye da kansa, har da neman shafi na gaba. Ban ƙi wannan ba, ya rage wahala. Abin da nake tambayar kaina shi ne, yaya zan koya wa wanda bai taɓa zama a zaure yana kallon yadda mutane ke shigowa ba cewa jerin da ke gabansa gida ne? Malam ya koya mini ta hanyar ɗora ni a bayan babur. Ni kuwa ina koya muku a ɗaki mai fanka, domin rajista yanzu daga waya ake cike ta, babu zauren da zan kai ku. Wataƙila rashin dabarata ce. Ban sani ba.

Malam Habu ya rasu bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa. Da muka koma aiki bayan zaman makoki, na buɗe gidan gwaji na yi abin da ya tsara: na sa wa rikod na farko alamar rasuwa, ban goge ba.

Shi ne abin da kuke ƙorafi a kai. Kun ce gwajinmu yana tsayawa a sunan farko yana ɓata lokaci, wani cikinku ma ya nemi izinin share shi. Na hana, na ba ku dalili na sana'a: wannan rikod ɗin ne kaɗai ke gwada ko zagaye ya san inda zai tsaya ya tambayi mutum. Dalilin gaskiya ne. Ko shi kaɗai ne dalilina, wannan ban zauna na warware ba, ba na kuma jin zan zauna.

Saboda haka idan kun gudanar da gwaji ya tsaya a kan sunan Malam Habu yana tambayar wa ke karɓa a madadinsa, manhajar ba ta lalace ba. Ku rubuta sunana, ku danna, za ta wuce. Ranar da ta tsaya a kan suna na biyu kuwa, sai ku shawarta a tsakaninku wanda za a rubuta.